Me ya sa Hittiyawa suke da alloli dubu?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu ne a kan sulhun da Fir'auna Ramsis na Biyu ya ƙulla da Hattusili na Uku, sarkin Hittiyawa, wajen shekara ta 1259 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikin yarjejeniyar an kira alloli dubu na ƙasar Hatti, wato ƙasar Hittiyawa, su zama shaida. Dubu fa! Ƙidaya ce ta gaske ko kurari ne? Kuma ta yaya mutane za su bauta wa wannan taro ba tare da sun ɓata wa wani rai ba?

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam. Dubun kirari ne, amma bai yi nisa da gaskiya ba. Allunan yumɓun da aka fara tonowa a 1906 a Hattusa, babban birninsu da ke tsakiyar Turkiyya ta yau, suna ɗauke da ɗaruruwan sunaye. Dalili kuwa, Hittiyawa ba sa yar da abin bautar kowa. In sun ci gari da yaƙi, sai su ɗauko gunkinsa su kawo gida, su ci gaba da yi masa hidima, wani lokaci ma da harshen mutanensa. Shi ya sa ko allan hadari ma ya rabu gida-gida: akwai na Nerik, da na Zippalanda, da na Halab. A saman su duka akwai Tarhunna mai hadari da allahiyar rana ta garin Arinna. Matar shi wannan Hattusilin, Sarauniya Puduhepa, ta yi ƙoƙarin haɗe wasu. A wata addu'arta ta ce wa allahiyar Arinna ita ce dai ake kira Hebat a wata ƙasar.

Uwar Biyu: Malam ya amsa ta farko, ni ta biyun ce ta taɓa ni. Ƙanwata, ai ɓata musu ran shi ne babban tsoronsu, kuma labarin Telipinu ya nuna haka. Shi ne allan da ke kula da noma. Wata rana ya fusata, har don gaggawa ya sa takalmin dama a ƙafar hagu, ya fice ya ɓace. Hayaƙi ya turnuƙe gidaje, hatsi ya daina tsirowa, tunkiya ta ƙi ɗanta, saniya ta ƙi maraƙinta. Su kansu allolin suka yi walima, suka ci ba su ƙoshi ba, suka sha ƙishi bai tafi ba. Aka tura gaggafa ta duba duwatsu da kwaruruka, ta dawo hannu rabbana. Sai Hannahanna, uwar alloli, ta aiki ƙudan zuma, allan hadari yana ta raina ƙanƙantar fikafikansa. Ƙudan zuman ne ya sami Telipinu yana barci, ya harbe shi a hannu da ƙafa. Ya tashi da fushin da ya fi na da, sai da Kamrusepa mai magani ta yi ta tsafe-tsafenta kafin ya huce ya koma. Wurin tunkiyar nan yana tsaya mini a rai. Wanda ya tsara shi ya ga fari da idonsa, ya san abin da yunwa take yi wa dabba mai shayarwa.

Ɗalibar Tarihi: Na gode Yaya. To wannan tatsuniya ce kawai ta hira, ko sun ɗauke ta da gaske?

Malamin Sakandare: Da gaske ƙwarai. An rubuta ta ne haɗe da tsarin hidimar da ake yi don dawo da allan da ya yi fushi. Kuma ba a labari abin ya tsaya ba. Annoba ta shiga ƙasar Hatti ta hannun fursunonin yaƙin Masar a zamanin Sarki Suppiluliuma na Ɗaya. Ɗansa Mursili na Biyu ya ce shekara 20 ana mutuwa. Sai ya sa aka yi duba, aka binciko tsofaffin alluna, aka gano mahaifinsa ya karya rantsuwar da ke tsakaninsu da Masar, kuma an yi sakaci da hadayar kogin Mala, wato Furat. Mursili ya amsa laifin da ba shi ya yi ba, domin a wurinsu zunubin uba yana sauka a kan ɗa. Amma bai tsaya a roƙo ba, har hujja ya kafa musu: in masu gasa gurasar hadaya da masu zuba abin sha suka ƙare, wa zai ciyar da ku? Sun ɗauki kansu bayi ne a gidan iyayengiji masu yawa, kuma bawa yana da bakin tuna wa ubangidansa amfaninsa.

Mai Yawon Duniya: Ƙarin bayani kaɗan. Wanda ya je Hattusa ya ƙarasa Yazilikaya, tafiyar kamar kilomita 2 ce. A jikin dutse aka sassaƙa allolin a jere, maza ta hagu, mata ta dama, sun haɗu a tsakiya inda Teshub, allan hadari, yake fuskantar Hebat. Sunayen da ke wurin na Hurriyawa ne, maƙwabtan Hittiyawa, abin da ke ƙarfafa maganar Malam.