IELTS saura mako bakwai: in biya cibiya ko in zauna gida in yi karatuna?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zana IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci. Na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, sharaɗinsu sai na kawo maki 6.5, kuma kada wani ɓangare ya gaza 6. Na riga na biya kuɗin jarrabawa, saura mako bakwai. Karatu da saurare ba sa ba ni tsoro, shekara tara ina koyarwa a sakandare a nan Zariya. Magana ce matsalata, bakina kan ɗaure in na ga baƙuwar fuska. Wata cibiya ta ce in kawo dubu sittin na mako huɗu, har da ɗan littafi mai karin maganar Turanci 300, irin su "hit the books", "burn the midnight oil" da "pass with flying colours". Malaminsu ya ce wanda bai zuba irin waɗannan ba, ba zai wuce 6 ba. Dubu saba'in ce ta rage a hannuna, kuma darasin nasu da yamma ne, daidai lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya. In biya, ko in sayi data in zauna gida?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Hajiya me ya kai ki IELTS? Ki yi gwajin Duolingo, a ɗaki za ki zana da kwamfutarki, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar wancan ba.

Maman Ilham: Ɗan'uwa ai na ce na riga na biya.

Ummu Hanan: Masha Allah, Allah ya sa alheri a tafiyar. Wace jami'a ce, kuma da tallafi ne ko da kuɗinki?

Abu Sadik: Yaya, don girman Allah ki riƙe kuɗinki. Abin da ake shirin yi miki shi aka yi mini. Na sayar da babur ɗina na biya wata cibiya a Kano, na biya jarrabawa. Mako shida muna zaune ana ba mu hadda kamar 'yan makarantar allo. Kullum karin magana goma, washegari a yi tilawa. Har amsoshi aka rubuta mana muka haddace: in an tambaye ka garinku ga abin da za ka ce, in an tambaye ka makarantarku ga abin da za ka ce.

Ranar magana, mai jarrabawar ta miƙo mini kati, in yi bayanin wani abu da na koya ya ba ni wuya. Minti ɗaya ake ba ka ka shirya, ka yi magana ta minti biyu. Maimakon in ba ta labarin yadda na koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre, wanda na sani kamar yunwar cikina, sai na tsaya ina lalubo inda zan cusa "midnight oil". Na cusa ta, na cusa "bookworm", na cusa "teacher's pet", zancen ya tarwatse. Da ta yi mini tambayar da ba ta cikin haddar, sai na yi tsit. A rubutu ma haka, na cika kalmomi 250 da karin magana kamar mai waƙar biki. Sakamako ya fito, magana 5.5, rubutu 5.5. Gurbin ya wuce, babur ya tafi. Na koma cibiyar, mutumin ya dube ni ya ce ai ban haddace da kyau ba ne, in sake biyan rabi in maimaita. Har yau in na bi ta layin nan raina ɓaci yake.

Ummu Hanan: Innalillahi. Allah ya mayar maka da mafi alheri, Abu Sadik.

Ɗan Birni: Nawa ka biya su?

Abu Sadik: Dubu arba'in da biyar, ban da kuɗin mota.

Injiniya KD: An cuce ka. A Kaduna dubu ashirin da biyar na biya, wata guda cur.

Hajjo: Ashirin da biyar a wace shekara? Ƙanwata dubu ɗari da ashirin ta biya a Abuja bara. Ita kanta jarrabawar da kuka zana ƙasa da dubu ɗari kafin korona, yanzu ta haura dubu ɗari biyu. Sittin ɗin da aka ce wa Maman Ilham ma sauƙi ne.

Malam Na Ingilishi: Malama, bari in raba miki zancen biyu. Malamin cibiyar bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A ma'aunin da ake duba magana da shi, daga 7 ana son a ji ɗan abin da ba kowa ke faɗa ba, har da salon magana irin na masu harshen. Amma abu huɗu ake aunawa: gudanar zance, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Karin magana wani ɗan yanki ne na ɗaya daga cikin huɗun. Kuma abin da ake nufi ya fi kusa da sanin wace kalma ke tafiya da wace. Bature "sit" ko "take" yake yi wa jarrabawa, mu nan mun saba da "write". Shi "revise" yake yi kafin jarrabawa, Ba'amurke "review". Kwas ɗin da muke kira "carry over", su "resit" suke cewa. Ki ce "I fell behind" in an bar ki a baya, "I caught up" in kin cim musu, "he dropped out" ga wanda ya bar makaranta. Waɗannan ƙanana sun fi "flying colours" amfani sau goma, domin a bakin mutane suke kullum. Don rubutu kuma ki nemi Academic Word List da Averil Coxhead ta fitar a 2000, gidajen kalmomi 570 ne, kyauta yake a intanet. Karin magana ba ta da wurin zama a rubutun ilimi.

Injiniya KD: Malam, da girmamawa, ka taɓa zana ta?

Malam Na Ingilishi: Ban zana ba. Shekara goma sha shida ina koyar da harshen.

Injiniya KD: To gani ya kori ji. Ni na zana na samu 7.5, kuma cibiya na je. Amfanin cibiya ba littafin ba ne, mutum ne zai zauna gabanka da agogo ya yi ta jefo maka tambaya har kunya ta fita. Wannan ba ya samuwa a YouTube.

Abu Sadik: Ni ma ai na zana, Injiniya. Ko shawarar wanda ya faɗi ba shawara ba ce?

Hajjo: Wanda ya faɗa rami shi ya fi kowa sanin zurfinsa. Ku bar shi ya faɗi nasa.

Sarkin Raha: Ni dai tambayata ɗaya. Wannan "midnight oil" da za a ƙona, a farashin kananzir na yanzu wa zai saya? Bature ya yi karin maganarsa lokacin man fitila na arha. Mu a ce "burn the midnight power bank".

Ɗan Birni: Hhhh Sarki ka dawo ke nan. Saura "hit the books", a ce yaro ya ɗauko bulala ya hau littafi da duka.

Ɗan Maradi: Ku da kuka tashi da Ingilishi ku gode wa Allah. Mu da muka yi lakwal da Faransanci tarkonmu daban ne. A wurinmu "passer un examen" zana jarrabawa ne kawai, ko ka ci ko ka faɗi. Da na zo karatu Najeriya na ce wa wani malami "I passed the exam yesterday", ya ce wa ya nuna mini sakamako tun ba a duba takardu ba, har ya fara zargina. "Lecture" a wurinmu karatu ne, a wurinku lacca. "Collège" kuma ƙaramar sakandare ce. Shawarata ga Hajiya, ta fi kula da kalmomin da take zaton ta sani.

Malam Na Ingilishi: Ka faɗi gaskiya. Mu ma muna da su. Ɗan hidimar ƙasa zai ce "I passed out last year", wanda bai san Najeriya ba zai ɗauka suma ya yi. A Amurka "faculty" malamai ne, ba tsangaya ba. A Ingila kuma "public school" makarantar 'ya'yan masu hali ce irin Eton, ba ta gwamnati ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, ina rubutawa. To amma batun dubu sittin ɗin fa? Akwai wanda ya shirya a gida shi kaɗai ya samu 6.5 a magana?

Hajjo: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ma shi ne a ce mace ta yi firamare, sakandare da jami'a duk da Turanci, ta shekara tara tana koyarwa da shi, sannan a ce ta biya ta tabbatar tana jin sa. Ɗan Jamaika da ɗan Barbados Birtaniya ta sa su cikin masu Turanci, mu da muka fi su yawa nesa ba kusa ba an bar mu a waje.

Injiniya KD: Kuma bayan shekara biyu sakamakon ya mutu. Nawa ya mutu kafin kuɗin tafiya su haɗu. Turancin ne ya zube daga kaina a shekara biyu?

Ummu Hanan: Ai an taɓa yin takardar koke a kan haka, dubban mutane suka sa hannu, ni ma na sa. Wasu jami'o'in dai suna karɓar Ingilishin WAEC in kana da C6 zuwa sama.

Abu Sadik: Wace WAEC? Wadda ake rubuta wa yara amsa a allo a wasu makarantun kuɗi? Mu muka zubar da darajar takardarmu da hannunmu, sannan mu ce a yarda da ita.

Hajjo: A'a Abu Sadik, kada ka yi mana kuɗin goro. Ni da guminta na ci tawa.

Maman Ilham: Ummu Hanan, wace jami'a ce kika sani tana karɓar WAEC ɗin? Tawa C5 ce, amma ta 2008, ko tana da wa'adi ita ma?