Ina Aka Kwana Game da PageMaker, Kuma Wa Ya Mallake Ta?

Auwalu, daga karkarar Ringim:

Assalamu alaikum. Kawuna ya bar mini shagonsa na buga takardu bayan ganinsa ya yi rauni, kuma a tsohuwar kwamfutarsa na tarar da ayyukan shekaru masu yawa, daga katunan ɗaurin aure har takardun shaidar saukar Alƙur'ani na Islamiyyar garinmu, dukkansu an tsara su da PageMaker. Ni kuwa da CorelDRAW na koyi aiki. Ina roƙon masana su faɗa mini tarihin kamfanin da ya yi wannan manhaja da dalilin da ya sa aka daina jin ɗuriyarta, sannan ko gaskiya ne cewa kamfanin ya taɓa fitar da abin haɗa manhajojin waya.

Malam Habu, Kazaure:

Wa alaikumus salam. Ɗana Auwalu, Allah ya ba kawunka lafiya. Sunan Adobe da kake gani idan ka buɗe ta ba shi ne na asali ba, domin kamfanin Aldus ne ya ƙirƙire ta. Paul Brainerd ya kafa shi a birnin Seattle na Amurka a 1984, ya raɗa masa sunan Aldus Manutius, wani mai ɗab'in littattafai da ya yi zamani a Venice ta Italiya fiye da shekara 500 da suka wuce, aka kuma fitar da PageMaker a 1985.

Shi kuwa Adobe ya girmi Aldus da shekara biyu. John Warnock da Charles Geschke ne suka kafa shi a 1982 bayan sun bar aiki a cibiyar binciken Xerox, suka sa masa sunan wani rafi da ke bayan gidan Warnock a Kalifoniya. Abin da suka fara sayarwa shi ne PostScript, wato harshen da kwamfuta ke bayyana wa injin bugawa siffar shafi da shi, ta yadda harafi zai fito sumul komai girmansa. Da aka haɗa abubuwa uku a 1985, kwamfutar Macintosh da injin LaserWriter mai aiki da PostScript da kuma PageMaker, sai mutum ɗaya a kan tebur ɗaya ya iya yin aikin da a da sai maɗaba'a. Wanda bai taɓa yanka rubutu da reza yana manna shi da gam a kan kwali ba, kamar yadda muka yi muna yara masu koyon aiki, da wuya ya gane girman wannan sauyi.

Abin da ya durƙusar da ita kishiya ce, QuarkXPress, wadda ta fito a 1987 ta janye manyan jaridu da mujallu. Adobe ya sayi Aldus a 1994, amma maimakon ya ci gaba da yi wa tsohon gini yaɓe, sai ya fitar da sabuwar manhajar tsara shafi mai suna InDesign a 1999. PageMaker 7 ta 2001 ita ce ta ƙarshe.

Nafisa, Ɗambatta:

Allah ya saka wa Baba Malam da alheri. Game da tambaya ta ƙarshe, ta abin haɗa manhajojin waya, gaskiya ne, sai dai ita ma sayowa aka yi. A 2011 Adobe ya sayi Nitobi, wani ƙaramin kamfani na Kanada mai PhoneGap, wadda ke ba mutum damar rubuta manhaja sau ɗaya da harsunan shafin intanet, sannan ya fitar da ita a Android da iPhone. An miƙa tushenta ga gidauniyar Apache, inda ta koma Cordova, ita kuwa PhoneGap an rufe ta a 2020. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma aka yi bankwana da Flash, manhajar nuna bidiyo da wasanni a shafukan intanet, wadda ta shigo hannun Adobe lokacin da ya sayi Macromedia a 2005. A ganina, abin da ya fi shafar masu shago a karkara shi ne matakin 2013, lokacin da kamfanin ya daina fitar da yawancin sababbin manhajojinsa a matsayin kayan saye sau ɗaya, ya koma karɓar kuɗi wata-wata ko shekara-shekara.

Malam Habu, Kazaure:

Na manta abu ɗaya, kuma shi ya fi muhimmanci a gare ka. PageMaker ba ta san Unicode ba, wato tsarin da ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa a kwamfuta, don haka masu tsara Hausa a wancan lokaci sukan yi amfani da salon haruffa na musamman, wanda aka cire wata alama aka dasa ƙ ko ɗ ko ɓ a gurbinta. Idan ka kwashe aikin zuwa kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai ka ga "ɗaurin aure" ya fito da baƙuwar alama a farkonsa. Saboda haka kada ka goge komai. Tun tsohuwar kwamfutar tana tashi, ka mayar da kowane aiki PDF, ka kuma kwafe salon haruffan daban ka adana.

Auwalu:

Na gode, Baba Malam, na gode, Malama Nafisa. Na karanta wa kawu bayaninku, ya yi dariya da ya ji zancen reza da gam. Da zarar na sami man janareta ranar kasuwa, da takardun saukar zan fara.