Na karɓi aiki a ƙauye, ban iya tuƙi ba, yanzu na ga jadawalin bas

Baƙuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara biyu na yi ina fama da koyon Jamusanci, na faɗi jarabawa sau ɗaya, na sake zama, ga fassara takardu, ga jiran amsa wata da watanni, har wasu suka fara cewa in haƙura. Maigidana ne kaɗai bai taɓa cewa in bari ba, Allah ya saka masa. To da Allah ya nufa, aiki biyu suka fito min a Jamus lokaci guda: ɗaya a babban birni, ɗaya a gidan kula da tsofaffi a wani ƙauye. Na zaɓi na ƙauyen saboda shugabar wurin ta yi min magana cikin mutunci, kuma hayar gida a birnin ta ba ni tsoro. Gidan da na samu ba a ƙauyen yake ba, yana wani ƙaramin gari da ke kusa, na riga na sa hannu na biya kuɗin ajiya. Duk a zatona ƙasar da ake yabo da jiragen ƙasa ai ko'ina akwai abin hawa. Shekaranjiya na buɗe jadawalin bas ɗin da ke haɗa garin da ƙauyen, sai gabana ya faɗi: 'yan layuka kaɗan ne, wasu da ƙananan alamomi a gefe da ban gane ba. Ban iya tuƙi ba, kuma ba na son a yi min maganarsa, ina da dalilina. Yaya zan yi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Barka da wannan nasara. Amma ba ki faɗi nisan garin da ƙauyen ba, ba ki kuma faɗi ƙarfe nawa ake fara aiki ba. Akwai yara?

Mai Yawon Duniya: Hajiya, bari in gaya miki gaskiya, don ni na zauna a ƙasa huɗu. Kuskurenki ɗaya ne, kuma kowa ya taɓa yinsa: kin auna ƙauye da sunan ƙasa. Sufuri mutane yake bi, ba tuta ba. Inda jama'a suka cunkushe, jirgi kan zo duk minti biyar, ba ki ma buƙatar jadawali. Inda suka warwatsu, bas guda zai yi ta yawo da mutum uku a ciki, hukuma na cike giɓin kuɗin, ranar da aljihunta ya yi sanyi sai ta yanke na yamma. Waɗancan alamomin da kika gani a gefe, na san su. Galibi ɗaya na nufin bas ɗin ranar makaranta kaɗai yake fitowa, domin a karkarar Jamus 'yan makaranta ne manyan fasinjoji, idan aka yi hutu sai jadawalin ya rame. Ɗayar kuma tana nufin sai kin kira waya tun da wuri kin ce kina so, wanda suke kira Rufbus. Idan ba ki kira ba, za ki tsaya a tasha har ƙafa ta kumbura. Kada ki duba Talata da rana. Ki duba Lahadi ƙarfe biyar na asuba, da Asabar ƙarfe goma na dare. Nan ake gane ko wuri yana da sufuri.

Ɗan Makaranta: Yaya, kada ki damu. Tun watan Mayun 2023 akwai tikiti guda na wata-wata, Deutschlandticket, da shi za ki hau duk bas na gari da na karkara da ƙananan jiragen ƙasa a faɗin ƙasar, in ban da manyan masu gudu irin ICE. Ni da shi nake zuwa ko'ina.

Mai Yawon Duniya: Yaro, a wane gari kake? Na tabbata birni ne. Tikitin bas ɗin da bai zo ba me zai yi mata? Luksambak ta mayar da sufuri kyauta gaba ɗaya tun 2020, amma har gobe titunansu cike suke da motoci. Arha daban, samuwa daban.

Baƙuwa: Na gode. Malam, ban auna ƙauye da sunan ƙasa haka kawai ba, na duba taswira kafin in sa hannu, kuma akwai tashar bas a ƙofar wurin aikin, da idona na gani a hoto. Shugabar ma ta ce min yawancin ma'aikatansu ba sa samun matsalar zuwa.

Mai Yawon Duniya: Domin yawancinsu suna da mota, Hajiya. Kin tambaye ta da me suke zuwa?

Tsohon Direba: 'Yata, ki saurari babanki. Ki koyi tuƙi, magana ta ƙare. Ni shekara tara na yi a wani ƙaramin gari a Amurka, can in ba ka da mota kai fursuna ne. Mutane na ganin New York a talabijin, jirgin ƙarƙashin ƙasa na aiki dare da rana, su ɗauka haka ƙasar take. Inda na zauna ko wurin tafiya a ƙafa babu a gefen titi. Na taɓa rasa aiki saboda motata ta lalace kwana huɗu, shugaban wurin ko tausayi bai ji ba, ya ce wai matsalata ce. Kuma mutumin nan na yi masa aiki ranar hutu sau nawa, ban taɓa cewa a'a ba. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Allah ya isa dai.

Uwar Biyu: Baba, ta ce ba ta son maganar tuƙi. Kuma ba abu ne na kwana biyu ba. Ko mai lasisin ƙasar da ba ta Tarayyar Turai ba, wata shida kawai zai yi amfani da shi a Jamus bayan ya zauna, daga nan mafi yawa sai sun sake jarabawa. Ita da za ta fara daga farko, ga darasi, ga inshora, ga kuɗin motar kanta. Kafin nan da me za ta je aiki?

Na Ingila: Ku dai ku gode Allah. Mu nan tun rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rage layukan jirgin ƙasa, aka rufe dubban mil na layin dogo, ƙananan garuruwa suka koma dogaro da bas. A 1986 kuma aka sakar wa kamfanoni harkar bas a ko'ina in ban da Landan, kowa ya ɗauki hanyar da ke kawo riba. Shi ya sa a Landan ba ka gama ɗaure takalmi ba wani bas ya zo, mu kuwa na ƙarshe ƙarfe shida da 'yan mintoci yake wucewa. Makon jiya aka soke shi ba sanarwa, na tsaya cikin ruwa da yarinya a hannu, na rubuta musu ƙorafi sau uku, amsa ɗaya suke turo min kamar an kwafa.

Mai Yawon Duniya: Abin da nake faɗa ke nan. Amma kada wani ya ce ƙauye dole ne ya wahala, don na ga inda ba haka ba. Suwizalan tun 1982 ta tsara jadawalinta yadda jirgi zai riƙa zuwa a minti iri ɗaya kowace awa, kuma rawayen bas ɗin nan nasu na gidan waya yana jira a tasha, jirgi na saukewa ya kwashi mutane ya hau da su ƙauyukan kan dutse. Ba gudu ne sirrin ba, haɗuwa ce: kin sauka, na gaba na tsaye. Japan kuwa da kowa ke rantsuwa da ita, tun 1964 suke da Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, tsakanin Tokyo da Osaka, amma ku je tsibirin Hokkaido ku ga yadda ake rufe layuka da tashoshi saboda matasa sun gudu birni. Ko Riyad sai ƙarshen 2024 ta buɗe jirginta na cikin gari mai layi shida, kafin nan birni ne na mota zalla. Saboda haka Hajiya, shawarata guda ce: ki koma wa aikin birnin tun ba a ba wani ba. Kuɗin ajiyar ki ɗauka kuɗin makaranta kika biya.

Baƙuwa: Malam, da sauƙin faɗa. Ba ka san yadda aka tara kuɗin nan ba. Kuma na birnin na riga na ba su haƙuri, da wane ido zan koma? Matar nan ta ƙauyen ta jira ni wata biyar, ba zan yi mata butulci ba. Ni shawarar yadda zan isa wurin aikin nake nema, ba a sake min zaɓi ba.

Ɗan Makaranta: To ki sayi keke mai lantarki mana. A Holan haka kowa ke yi, a tashar Utrecht kaɗai akwai ma'ajiyar keke mai ɗaukar 12,500.

Uwar Biyu: Holan shimfiɗaɗɗiya ce kuma keke yana da hanyarsa daban. Ka taɓa hawa keke a titin karkara a watan Janairu, duhu bai yaye ba sai wajen ƙarfe takwas, ƙanƙara a ƙasa? 'Yar uwa, ni abin da zan ce: ki rubuta wa shugabar yau, ki gaya mata ƙarara ba ki da mota. Irin waɗannan wurare suna neman ma'aikata ido rufe. Wasu na da ɗaki a ciki ko kusa, wasu kan haɗa ka da abokin aiki mai mota, wasu kan gyara maka lokacin shiga ya dace da bas. Ba za ki sani ba sai kin tambaya.

Baƙuwa: Ba na so tun ban fara ba su ga kamar na zo da matsala. Ina ganin idan na je na ga wurin da idona zan san dabarar yi. Wata ƙila jadawalin da na gani tsoho ne.

Mai Yawon Duniya: Ba tsoho ba ne. A Jamus a watan Disamba ake sauya babban jadawali, ranar da ya fara aiki tana rubuce a sama ko a ƙasan takardar, ki duba. Ni dai na faɗi tawa.

Tsohon Direba: Mota, 'yata. Ko tsohuwa ce.

Uwar Biyu: Har yanzu ba ki gaya mana kilomita nawa ba ne tsakani, ko ƙarfe nawa aikin safe ke farawa.

Na Ingila: Yanzun nan ma sun sake turo min waccan amsar, karo na huɗu.