Za a yi wa ƙanwata tiyatar haihuwa, tsoro ya hana ta barci

Maman Biyu: Salamu alaikum. Likita ya ce mabiyiya ta sauko ta toshe wa ƙanwata hanya, ranar Laraba za a ciro yaron. Surukarta ta ce a ɗaga, a karɓo rubutun naƙuda tukuna. Mu ɗaga ko mu je? Me za ta riƙa karantawa?

Malam Ƙarami: Wa alaikumus salam. Ta riƙe Suratu Maryam, aya 23 zuwa 26. Naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino har ta ce ina ma ta mutu. Ba a tsawata mata ba, ce mata aka yi kada ta yi baƙin ciki, ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha. Annabi Musa da Haruna ma sun ji tsoron Fir'auna, Allah Ya ce musu Yana tare da su, Yana ji, Yana gani, Ɗaha aya 46. Da dare ta karanta Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, ta tofa a tafin hannu ta shafe jiki, sau 3.

Inna Damagaram: Rubutun jika 2 ne na kuɗin sefa a nan, a haɗa mata da zuma.

Baban Yara: N15,000 nake ji ana karɓa, ban da zakara.

Direba: Zakaran ne zai haihu?

Ungozoma: Inna, wannan ba cikin da ake jira wa naƙuda ba ne. Bakin mahaifa na fara buɗewa jini zai ɓalle. Kuma idan an ce ta daina ci da sha, har rubutun ne, kada amai ya wuce huhu. Allurar baya aka fi yi, idonta biyu, ta yi ta Hasbunallahu.

Hajiya Babba: Haka aka yi wa 'yar maƙwabtanmu. Kwana 3 ana ɗura mata rubutu, jini na zuba ana canza zani. Kafin a samu mota cikin dare yaron ya koma, ita kuma da ƙyar. Mijin ko kallon arziki, watan gaba ya ƙaro aure.

Inna Damagaram: Mu da muka haifi 9 a ɗaki fa, Hajiya?

Malam Ƙarami: Inna, Annabi (SAW) sulke 2 ya sa ranar Uhudu.

Baban Yara: Malam ya zama likita ke nan.

Ungozoma: Ku dai tanadi leda 2 na jini tun Litinin, a gwada rukuninsa.

Hajiya Babba: Jinin ma fa! Dangin miji cika asibiti suke da kuloli, ana cewa a zo a ba da jini kowa sai ya tuna bai yi La'asar ba.

Maman Biyu: To wa zai tunkari surukar?