Yunwa mahaɗi ce mai kyau: karin maganar ƙauyukan Ailan

Malam Habu: 'Yan'uwa, mutanen karkarar Ailan, wata ƙasa a Turai, suna da karin magana a harshensu da ke cewa "Is maith an t-anlann an t-ocras", wato yunwa mahaɗi ce mai kyau. Kalmar anlann tana nufin duk abin da ake haɗawa da dafaffen dankalin Turawa don ya shiga, ko tsala, ko gishiri, ko ɗan kifi mai gishiri idan an samu. A ganina daidai take da tamu ta "da babu gara ba daɗi".

Hajiya Binta: Allah ya gafarta Malam, ban yarda su ɗaya ba ne. Tamu tana cewa abin babu daɗi amma a yi haƙuri da shi, tasu kuwa tana cewa yunwar ce da kanta take sa masa daɗi, kamar yadda manomin da ya wuni a gona yake cin gayan tuwo bai nemi miya ba. Kafin 1845, ɗan ƙodago a can yakan ci kusan kilo 6 na dankali a rana. Akan juye tukunyar a faifan kwando, ruwan ya tsiyaye, iyali su kewaye shi suna ɓare bawon da farce, ga kofin tsala a gefe. Wanda ya tashi a irin wannan gida ya san darajar mahaɗi ƙwarai.

Ɗanjuma: Hajiya, na karɓi bambancin, amma ina jin nauyin maganar saboda abin da ya biyo baya. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta ruɓar da dankalin, kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira. Shin ya dace a yabi yunwa a ƙasar da ta ga wannan?

Hajiya Binta: Yaya Ɗanjuma, harshensu ya raba biyun. Yunwar cikin mai lafiya ita ce ocras, wadda karin maganar ta ambata, waccan masifa kuwa suna kiranta An Gorta Mór. Karin maganar nan, uwa ce take faɗa wa yaron da ya dawo daga aiki ya tarar da dankali da gishiri kaɗai, ba a faɗa wa gidan da tukunyarsa ba ta hau wuta ba.