Karrama dattawan zawiya: abin da 'yan'uwa suka ba da shawara

Bayan zikirin Juma'a a wata zawiyar Tijjaniyya da ke ƙauyukan Ringim, 'yan'uwa sun tattauna yadda za a karrama dattawa, waɗanda wasunsu sun karɓi lazimi tun kafin rasuwar Shehu Ibrahim Inyass a 1975.

Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a girmama mutum tun yana raye. Aka ce mun iya cika gida ranar sadakar uku da ta arba'in, amma tsoho sai ya daɗe a kwance ba wanda ya leƙa shi. Matasa suka ɗauki alkawarin gayya: da damina ta sauka, noman fari da maimai a gonar duk dattijon da ƙarfinsa ya ƙare. Ni ma wannan ta fi kwanta mini, don buhun gero ya fi sabon rawani amfani ga mai iyali.

An kuma ja hankali kada yabo ya tsaya kan muƙaddami kaɗai. Akwai mai shimfiɗa farin ƙyalle lokacin wazifa, da mai cika randa, da matan da ke kwana girkin Maulidi. A riƙa ambatonsu a bainar jama'a.

Kan alfahari kuwa an ɗan yi sa-in-sa. Wani matashi ya tambaya ko laifi ne ya nuna shi ɗan ɗariƙa ne. Dattawa suka ce ya rataya carbinsa abinsa, amma kada ya goranta wa maƙwabcinsa Baƙadire ko ɗan Izala, gobe sahu ɗaya za su bi a jana'iza.

Maganar asusun marasa lafiya an ɗage ta sai kaka, lokacin da kowa zai iya kawo kwanonsa.