Ziyarar Al-Ula da Mada'in Salih bayan Umra

Ɗan Katsina:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Idan Allah ya yarda zan yi Umra a watan Janairu tare da mahaifiyata, kuma muna da niyyar zuwa Al-Ula daga Madina. Ina neman bayani kan nisan wurin da abin da ya fi cancanta a gani, sannan ko addini ya yarda a je, domin na ji wasu malamai suna hana shiga Mada'in Salih.

Mazaunin Madina:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Tafiyar ta haura kilomita 300 zuwa arewa, kusan awa huɗu a mota, kuma ka zaɓi lokaci mai kyau, don da zafi ranar wurin ba ta jurewa. Mada'in Salih, wato Al-Hijr, da ke yankin Al-Ula, shi ne wuri na farko a Saudiyya da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihi na duniya, a shekarar 2008. Akwai kaburbura sama da 100 da aka sassaƙa a jikin duwatsu, mafi shahararsu Ƙasrul Farid, wanda yake tsaye shi kaɗai kuma ba a ƙarasa sassaƙa shi ba, ta yadda idan ka dubi ƙasansa za ka gane cewa maginan daga sama suke farawa su gangaro. Ba a shiga kai tsaye. Sai ka yanki tikiti tun da wuri, a kai ku a motar wurin tare da mai yin bayani.

Ɗalibin Tarihi:
Malaman da ka ji suna da hujja. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa da Annabi (SAW) ya bi ta Al-Hijr a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai suna masu kuka, ya kuma umarce su da su zubar da ruwan da suka ɗiba a rijiyoyin wurin. Saboda haka malamai da dama sun ce mai zuwa don ɗaukar izina ba laifi, mai zuwa don shaƙatawa kuwa ya saɓa wa hadisin. Abin da yake damuna shi ne yadda ake cewa kaburburan nan su ne gidajen Samudawa. Rubutun da ke jikinsu ya nuna na Nabatawa ne, mutanen da suka gina Petra a Jodan, kuma yawancinsu an yi su ne a ƙarni na farko Miladiyya, zamani mai nisa bayan mutanen Annabi Salihu (AS). Ƙasar dai ita ce, don haka ladabin shigarta yana nan. Ka tambayi malamin da ka amince da shi kafin ka yanki tikitin.

Hajiya daga Damagaram:
Ɗana, ka lura da Hajiya mahaifiyarka, domin daren hamada a Janairu yana da tsananin sanyi, a tafi da rigar sanyi mai kauri. Idan zuciyarta ba ta kwanta da Al-Hijr ba, kada ka matsa mata. Ku je Dutsen Giwa da la'asar, wanda iska da yashi suka sassaƙa har ya yi siffar giwa da hancinta a ƙasa, sannan ku zaga tsohon garin Al-Ula mai gidajen laka da gonakin dabino, inda ayarin alhazan Sham suke yada zango a da.